Neyan a Gaban Sunan Baba Burahima

"Kin tsallake," in ji Baba Burahima.

Lailatu ta ɗago kai daga takardar. Tsohon yana kwance a kan gado a zaurensa, idanunsa a rufe. Tun da aka dawo da shi daga likita a Damagaram ya ƙi ɗaki, ya ce a ajiye shi inda zai riƙa jin titi.

"Ban tsallake kome ba, Baba."

"Kin tsallake. Kin faɗi sunana, kin ja numfashi, kin faɗa wani layi. Shekara arba'in ina sauraren kaset, 'yar nan. In aka yanke aka liƙa, ina ji."

Takardar da ke hannunta daga shafin intanet na Amon Kwari aka buga ta. Amon Kwari ɗan ƙaramin kamfani ne a Gure da ke aika labarai da cigiya da sanarwar rasuwa ta salula, da Hausa da Barbarci. Wasu abokan aiki a Yamai ne suka ce suna son ganin shugabannin kamfanin, kowa da hotonsa da karatunsa da aikin da ya yi a baya. Shugabannin su huɗu ne. Lailatu ce ke riƙe da sashen labarai, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Baba Burahima. A zauren nan ta yi wasan ƙasa, a zauren nan kuma aka kafa kamfanin shekara bakwai da suka wuce, da salula ɗaya da muryar tsohon. Da ya ji an sa hotonsa, shi ne ya ce ta bugo ta zo ta karanta masa.

Ta karanta masa na Muktar Sadi, babban darakta, wai ƙwararre a kan sadarwar zamani, ya yi horo a Yamai. Horon nan wata uku ne, kuma rabinsa Muktar a gidan kawunsa ya yi shi yana jinyar zazzaɓi. Ta karanta na Fadilu, wai injiniyan na'ura. Duk Gure ta san Fadilu a gindin dalbejiyar tasha, yana cajin salula yana zuba wa direbobi waƙoƙi a kati. Ta karanta nata da murya ƙasa-ƙasa, wai masaniya ce a fannin ilimi da yaɗa labarai, alhali shekara shida ta yi tana koyarwa ta kwantaragi a ajin da aka kewaye da zana a Bune. Ba ɗaya daga cikin ayyukan nan da yake abin kunya. Sun dai ɗinka musu manyan riguna ne don 'yan Yamai su gani, kuma tsohon ya yi ta murmushi yana cewa madalla. Sai da aka zo layinsa.

"Karanta," ya ce.

"Burahima Alhasan, mai ba da shawara." Ta dubi layin da ke ƙasa. "Difilom, neyan. Aikin baya, neyan."

Inna Habsu, matarsa, tana zaune a bakin gadon tana masa fifita. Ta tsayar da maficin. "Mece ce neyan kuma?"

"Faransanci ne, Inna. Kamar a ce ba a cike wurin ba tukuna."

"Kada ki yi wa Habsu ƙarya," in ji tsohon. Ya buɗe ido yana kallon azarar rufin. "Na san neyan tun ba a haife ki ba. Shekarar fari ta tamanin da huɗu, malamin biro, ma'aikacin gwamnati, ya zo Gamu da babban littafi. A kira mutum a tambaye shi shanu nawa suka rage masa. In ya yi shiru sai a rubuta neyan. Ina tsaye aka rubuta wa mahaifina. Mutum mai garke uku. Ya tambayi tafinta me aka rubuta, tafinta ya ce babu kome. Bai sake cin abincin kirki ba har ya rasu."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Ya ce ta gaishe da Muktar, shafin ya yi kyau, hoton ma sun zaɓi mai kyau.

Lailatu ta fita zuciyarta na tafasa. Ko gida ba ta leƙa ba, ta tare kabu-kabu ta nufi biro, wato ofishin kamfanin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da hannunta a ciki. Ita aka ba takardun cikewa. Da ta zo kan na Baba ta rasa abin da za ta rubuta, don gurbin ƙarami ne, an ce a sa sunan ma'aikata da shekaru. Ta bar shi fili da niyyar ta tambaye shi, sai ciwo ya tashi aka tafi da shi Damagaram, ta manta. Fadilu ya ga fili ya cike da kalmar da ya saba gani a takardun gwamnati.

Ta tarar da Muktar a gaban fanka ya miƙe ƙafa, Fadilu yana gyara wani bidiyo na masu kanwa. Ta aza takardar a kan teburin da ƙarfi.

"Madam, lafiya?" in ji Muktar.

"Ba lafiya ba. Wa ya rubuta wa Baba neyan?"

Fadilu ya cire abin kunne. "Ai ke kika bar wurin fili. Shafin ba ya karɓar fili, dole a sa wani abu."

"Shi ne ka sa babu kome? Kai da aka sa maka injiniya?"

"To me zan sa? Yana da difilom?"

Muktar ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da ya koyo a tarukan Yamai. Ya ce ta zauna, a yi magana cikin natsuwa. Ya ce ba wanda ya fi shi girmama Baba, amma mutanen nan suna da ƙa'ida. Duk shekarar aikin da aka rubuta sai an haɗa da takardar shaida mai hatimi. Shi yana da tasa, ita tana da tata daga sufeton lakwal, mai duba makarantu, Fadilu ma an samo masa ɗaya.

"An samo masa," ta ce. "Daga ina?"

Muktar ya wuce tambayar kamar bai ji ba. "Baba kuwa bai taɓa aiki a ƙarƙashin kowa ba. Wa zai sa masa hannu?"

"Muktar, ranar da ka dawo daga Yamai da jakarka, wa ya san ka a Gure? Labarinka na farko mutum goma sha ɗaya suka saurara, shida 'yan gidanku ne. Sai da Baba ya ɗauki salula ya yi cigiyar taguwar wani mutumin Gamu, aka same ta kafin la'asar, sannan makiyaya suka fara ajiye lambarmu. Har yau shi suke kira, ba kai ba."

"Ban musa ba."

"To a goge."

Ya ce ba a taɓa shafin yanzu. An riga an aika wa 'yan Yamai, ranar Juma'a za su duba, in suka ga an canja wani abu za su ce ba a tsaye muke ba. Bayan Juma'a sai a zauna a nemo kalma mai daɗi. Ta ce lokotoron asibiti ya ce a mai da Baba gida ne don ba sauran abin yi, shin Muktar ya yi alkawari da wani cewa tsohon zai kai Juma'a? Ya ce rai a hannun Allah yake, Madam, kada ta yi saɓo. Ta juya wajen Fadilu ta ce ya ba ta lambar sirrin shafin. Fadilu ya dubi Muktar, ya mai da abin kunnensa. Ta ɗauke takardarta ta fita. Ranar Talata ke nan.

Da la'asar ta koma zauren da biro da littafi. Ta ce, "Baba, takardar shaida suke so. Ni zan rubuta aikinka tun daga farko, in kai musu su gani da idonsu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shaida suke so? Habsu, jawo adakar nan."

Inna Habsu ta jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gadon, ta buɗe. Kaset-kaset ne cike, an jera su kamar bulo. Ba rubutu a jikin ko ɗaya, don Baba Burahima bai yi boko ba. A maimakon suna, kowane kaset yana da zane: wani ƙafar tsuntsu, wani layi biyu da ɗigo, wani kamar ƙugiya.

"Shaidar raƙuma ce," ya ce. "Wadda ake yi musu da wuta a wuya ko a cinya. Kowane gida da tasa. Ni da ita nake gane mai kaset."

Da kaɗan-kaɗan ya ba ta labarin, yana hutawa, Inna Habsu tana cike masa inda numfashi ya yanke. Bayan fari samari sun watse, wasu Libiya, wasu Agadas, wasu kudu. Iyayensu ba su iya wasiƙa ba, kuma ba kowace magana ce uwa za ta faɗa wa mai rubutu a bakin kasuwa ba. Sai ya sayar da jakinsa ɗaya ya sayi rikoda. Yana bin ƙauyuka daga Gamu har Bune, ya ajiye wa tsohuwa rikoda a ɗaki ya fita waje, ta yi magana da ɗanta ta yi kukanta, sannan ya ba direbobi kaset su tafi da shi. In amsa ta zo ya koma ya kunna musu. Da yake ba su da abin kunnawa, a wurinsa suke barin kaset, duk zuwan da ya yi su ce a sake sa musu. Ranar kasuwa kuma yana yawo da lasifika yana cigiyar dabbobi da sanar da rasuwa. Da aka buɗe gidan rediyon gari ya yi musu shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa ba shi takarda, shi ma bai tambaya ba.

"Wannan na wane ne?" Ta ɗauki ɗaya mai zanen ƙugiya.

Ya karɓa ya shafa zanen da babban yatsa. "Mahamadu na gidan Ɗanjuma. Ya mutu a hanyar Sabha. Uwarsa ta yi shekara tara tana sa ni in kunna mata wannan. Da ta rasu na rasa wanda zan ba."

Lailatu ta cika shafi huɗu. Da ta tashi tafiya ya kira ta. Ya ce yana tuna mata abin da ya koya mata ranar da ta fara karanta sanarwar rasuwa. Ta ce tana tune: a faɗi sunan mutum, a faɗi ɗan wane ne, a faɗi abin da ya yi da hannunsa. Ya ce to, ko mai saran ice ne a ce mai saran ice, ba a sallamar mutum hannu rabbana. Ta gane abin da yake roƙonta, sai ta gyara masa matashi.

Laraba ta kai wa Muktar shafukan huɗu da kaset uku. Ya juya kaset ɗin a hannunsa, ya ce abin tarihi ne wannan, ya kamata wata rana a yi shiri na musamman a kansa. Amma gurbin layi biyu ne kawai, kuma zanen raƙumi ba hatimi ba ne. Ta ce to a rage nata, a cire mata masaniya a rubuta malamar kwantaragi, a ba Baba wurin. Ya ce ba a nan matsalar take ba. Ta ce ta san inda matsalar take, tana zaune a gaban fanka. Ya yi fushi ya ce ta tuna da wa take magana. Da yamma da tsohon ya tambaye ta da ido, ta ce ana kan gyarawa. Bai ce mata ta tsallake ba a wannan karon. Ya dai lumshe ido, ita kuwa da ya faɗa ɗin da ya fi mata sauƙi.

Alhamis da hantsi tana biro tana sake yi wa Fadilu magiya, salularta ta yi ƙara. Inna Habsu ce. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Lailatu, ki zo. Babanki ya tafi." Wai ya sha kunu cokali uku, ya ce a ɗaga labulen ƙofa, wani mai amalanke ya wuce ya yi masa sallama ya amsa. Ta shiga ciki ɗauko ruwa, ta dawo ta tarar.

Kafin Lailatu ta gama ɗaura mayafi Muktar ya riga ya hau aiki. Ka rantse shi aka yi wa mutuwar. Ya sa Fadilu ya nemo hoton nan mai kyau, a zagaye shi da baƙi, a sa tambarin kamfani a kusurwa. Ya rubuta sanarwa da hannunsa: Amon Kwari na baƙin cikin sanar da rasuwar ubansa, ginshiƙinsa, babban bangonsa. Ya miƙa mata ya ce ta karanta kafin ta tafi, muryarta ta fi dacewa, kada ta wuce rabin minti don mutane ba sa sauraren dogon saƙo.

Ta karanta takardar a zuci. Ginshiƙi, bango. Ko sunan mahaifinsa babu, balle aikinsa. Ta ajiye ta a kan teburin, ta jawo makirfo, ta ce wa Fadilu ya danna.

Ta yi salati. Ta ce Allah ya yi wa Burahima ɗan Alhasan na Gamu rasuwa yau Alhamis a Gure, za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Muktar ya ɗaga yatsa alamar ya isa. Ta ci gaba. Ta ce shi ne mai rikoda, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana kai muryar iyaye wurin 'ya'yansu a Libiya da Agadas, yana dawo da amsa. Shi ne mai lasifikar kasuwa. Shi ne ya yi shekara goma sha biyu a rediyon gari. Yana jin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci, ya san shaidar raƙuman kowane gida daga Gamu zuwa Bune, a zaurensa aka kafa wannan kamfani. Ta ce duk wanda uwarsa ko ubansa ya taɓa magana a rikodar Baba, kaset ɗin yana nan a wurin Inna Habsu da shaidar gidansu a jiki. Ta maimaita da Barbarci. Muryarta ta karye sau ɗaya, ta tsaya ta ci gaba.

"Minti huɗu," in ji Muktar. "Fadilu, a rage."

Fadilu ya daɗe yana kallon allon. Shi ma mahaifinsa a Libiya ya yi shekara takwas. Ya ce, "Ya riga ya tafi, Darakta."

Mutane sun zo. Kafin azahar titin ya cika da babura da amalanke, har da raƙuma biyu da aka durƙusar a gindin katangar su Lailatu. Tana cikin gida wurin mata tana jin kabbara ta saman katanga. Wata tsohuwa daga wani kwari can bayan gari ta riƙe hannun Inna Habsu tana tambaya ko da gaske muryar ɗanta tana cikin adaka, ta zana shaidar gidansu da yatsa a ƙasa. Inna Habsu ta ce ta bari a yi uku, za a nemo. Daga waje aka ce Muktar ya yi jawabi mai kyau a maƙabarta, har ya share hawaye.

Ranar Asabar, kwana biyu da rasuwar, Lailatu tana zaune a zauren tare da Inna Habsu suna karɓar gaisuwa. An ɗauke gadon, wurin ya yi fili. Muktar ya aiko mata saƙo: 'yan Yamai sun duba jiya, sun yaba ƙwarai, kuma an gyara abin da take ta faɗa a kai. Ta buɗe shafin da sauri. Hotuna uku ne. Babban darakta, injiniya, masaniya. An cire neyan, an cire Baba Burahima gaba ɗaya, an matso da hotunan sun cike wurin kamar ba a taɓa yin na huɗu ba.  Ta kife salular a cinyarta don kada Inna Habsu ta tambaya.

Sai wata salular ta yi ƙara a kan taga. Ta tsohon ce, ƙarama mai tsagaggen gilashi, ba wanda ya tuna ya kashe ta.

"Duba mini, 'yar nan," in ji Inna Habsu. "Tun jiya take yi."

Saƙon murya ne. Lailatu ta danna. Iska tana kaɗawa a bayan mai maganar, da kukan awaki.

"Wushe, Baba Burahima. Salihu ne daga rijiyar arewa da Gamu, sai yau na samu layi. Taguwata ce ta ɓace kwana huɗu, ja ce, tana da ciki. Ka san shaidarmu, ƙafar tsuntsu da ɗigo biyu a wuyan dama. Don Allah Baba a yi mini cigiya. Allah ya ƙara lafiya."

Inna Habsu ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Lailatu ta sake kunnawa, ta saurara har ƙarshe. Ta laluba jakarta tana neman abin rubutu, ba ta samu kome ba sai biro da takardar nan da ta karanta masa ranar Talata, a ninke huɗu. Ta warware ta a kan gwiwarta. Hotonsa yana nan a ƙasa, da layinsa biyu. A kan kalmar da ke gaban aikin baya ta zana ƙafar tsuntsu, ta ɗiga ɗigo biyu a gefe, sannan ta danna lambar Salihu ta kai salular kunnenta.